Yadda za ka haɗa wasan kwaikwayo na sauti kan keta zamani da tarihin waƙoƙin yayi

Idan labarinka na wanda zai bar yau ya faɗa Detroit ta 1963 ne ko Legas ta 1970, to a fim kam aiki ne ja, sai ka nemo motocin lokacin, suturar lokacin, da titin da babu allon tallar layin waya ko ɗaya, kuma dai a ƙarshe wani ɗan Adaidaita zai gifta ta bayan kyamara ya ɓata komai. A sauti kuwa kunne kawai za ka shawo kansa. Waya ɗaya, ɗaki mai shiru, mutum uku ko huɗu masu iya magana, shikenan ka isa ka kai mai sauraro duk shekarar da kake so. Mu da muka taso rediyo na rataye a shago da majalisa da gona ba sai an koya mana sauraron wasan kwaikwayo ba, abun da ya rage kawai shi ne mu iya haɗa irin wannan, mai ƙagaggen labarin kimiyya a ciki.

Abu na farko da nake so ka riƙe, kuma shi ne ƙashin bayan aikin duka: kowane zamani yana da ƙarar na'urarsa. Mutane ba waƙa kaɗai suke tunawa ba, suna tuna yanda waƙar take fitowa, ƙaras-ƙaras ɗin faifan garmaho, shuuu ɗin kaset, siririn sautin rediyo mai batir. In ka samu wannan daidai ba ka buƙatar mai ba da labari ya fito ya ce "yanzu muna shekarar kaza", kunne zai gane da kansa.

To fara da na'urar da za ta keta zamani da jarumin labarin, da kuma dokarta. Kar ka ɓata lokaci wajen bayanin yanda take aiki, babu wanda ya damu, amma dole ta zama tana da ƙa'ida mai tsauri wadda ba ta karyewa, don in jarumi zai iya zuwa ko'ina ya dawo duk sanda ya ga dama babu fargaba a labarin. Ga wadda ni nake ganin ta fi dacewa da labarin kiɗa, ka ɗauka ko ka ƙirƙiri taka: jarumar, mu ce mata Jummai, ta gaji wani tsohon akwatin kakanta mai cin faifai da kaset, duk abun da ta saka zai jefa ta shekarar da aka naɗe shi, kuma za ta zauna can ne iya tsawon lokacin da abun yake juyawa. Ka ga nan tarihin gaske ya ba ka agogo kyauta. Faifan garmaho mai juyi 78 a minti, mai faɗin inci 10, kusan minti uku yake ɗauka a kowane gefe, wanda shi ne ma babban dalilin da ya sa waƙoƙin yayi suka saba da tsawon minti uku. Dogon faifan da kamfanin Columbia ya fitar a 1948 yana kai wajen minti ashirin a gefe ɗaya. Ƙaramin mai juyi 45 na RCA Victor, 1949, waƙa ɗaya ce a kowane gefe. Kaset ɗin da Philips ya kawo a 1963, irin C60 ɗin nan, minti 30 ne kafin ka juya shi. Sidi da ya fito a 1982 minti 74. Ma'ana galibi in ta ƙara nisa baya lokacinta raguwa yake, in ta je 1924 minti uku kacal gare ta ta nemo wanda take nema ta yi masa tambaya kafin allura ta kai ƙarshe. Wallahi wannan kaɗai ya isa ya riƙe mai sauraro.

Sannan ka ba ta dalili. Wannan shi ne inda masu son tarihi suke faɗuwa, sai wasan ya koma darasin aji, jaruma na yawo tana cewa "kai, ga wane, ga wance" alhali babu abun da take nema. Jummai muryar kakanta take nema, an ce ya taɓa yin kiɗa da wata ƙungiya a Legas kuma an naɗi faifai ɗaya da ya ɓata, mahaifiyarta ba ta da lafiya kuma tana son ta ji shi ko sau ɗaya. Daga nan duk tafiya tana da amfani, har zuwa Amurka ɗin ma, tunda samarin Legas na wancan lokacin faifan Amurka suke saurare suna kwaikwaya, James Brown da kansa ya zo Najeriya a 1970, a 1971 aka yi babban taron mawaƙan Amurka da na Ghana a Accra, a 1973 mawaƙin Ingila Paul McCartney ya zo Legas ya naɗi faifai a sutudiyon EMI, sai FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a farkon 1977 da aka yi a Legas aka kuma yi hawan daba a Kaduna. Hanyar a buɗe take, ba ƙaƙalo ta za ka yi ba.

Akwai maganar canza abun da ya wuce. Shawarata kar ka bari jarumarka ta iya canza komai. Masu sauraronmu za su fi natsuwa da labarin da abun da ya faru ya riga ya faru, ta je ta gani ta ji ta dawo da sani amma ba ta hana mutuwa ba ta sake aure, kuma ta fuskar rubutu ma ya fi ciwo, tana tsaye gaban kakanta yana saurayi ta san abun da ke jiransa kuma babu yanda za ta yi. Maganar yare kuma ka kashe ta a jimla ɗaya a kashi na farko, akwatin ne yake sa ta ji kowa da Hausa, ka wuce, kar ka sake komawa kai.

Yanzu babbar matsala, wadda gara ka ji ta tun kafin ka kashe ko sisi: ba za ka iya saka waƙoƙin gaske ba. Maganar da ake yaɗawa wai in bai wuce daƙiƙa talatin ba babu laifi, babu ita a doka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, shi kuma naɗin sautin kansa shekara 50. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, sai ka lissafa da kanka. YouTube da Facebook kuma suna da na'urar da ke gane waƙa cikin daƙiƙoƙi, za su toshe maka ko su kwashe kuɗin tallan su ba mai waƙar. Mafita ita ce ka je wajen mai kiɗan sutudiyo ku ƙirƙiri naku a salon kowane zamani, sabon kari, sabbin kalmomi, ba wai a ɗauko sananniyar waƙa a ɗan lanƙwasa ta ba. Ku rubuta yarjejeniya a takarda ko da abokinka ne, wa ya mallaki kiɗan, nawa aka biya, ina da ina za a saka. Kuma ba cikakkiyar waƙa kake buƙata ba, daƙiƙa ashirin zuwa arba'in sun isa yawancin fitowa.

Haka su ma manyan mawaƙan, ka bar su a bayan ƙofa. Kar ka sa wani ya kwaikwayi muryar Shata ko Ɗan Maraya Jos ko Barmani Choge ka ɗora musu maganar da ba su faɗa ba, suna da iyalai da masoya a raye kuma ba daidai ba ne. Na waje ma haka. Jarumarka ta haɗu da mai shara a sutudiyo, direban ƙungiya, yarinyar da ke amshi, injiniyan da ke juya maɓallai, waɗannan naka ne ka sa su faɗi abun da kake so, shi kuwa tauraron a ji an ce "ga shi can ya shigo" a ji hayaniya ta tashi ta lafa. Ya fi tasiri ma, kunne yana ƙarasa hoton da kansa.

Sai mu zo kan ƙarar kowane zamani, nan ne zan ɗan daɗe don nan ne aikin yake. Manhajar Audacity kyauta ce a kwamfuta, in waya ce kawai gare ka BandLab zai yi maka yawanci. A Audacity cikin jerin Effect akwai Filter Curve EQ, a ciki akwai shiryayyun saituna harda na AM Radio da Telephone, daga su za ka fara ka rinƙa gyarawa da kunnenka.

Kafin 1925 babu makirufo a naɗin faifai. Wani babban ƙaho ne kamar mazurari, mawaƙa su taru a bakinsa, ƙarfin muryarsu ne yake girgiza allura ta yanka layi a jikin kakin zuma, masu kayan kiɗa masu ƙara a tura su can baya, mai waƙa in zai ɗaga murya sai ya ja da baya in zai sassauta ya matso. Babu yanka babu gyara, in mutum ɗaya ya yi kuskure a ɗauko sabon kaki a sake daga farko. Wannan ɗaki kaɗai fitowa guda ce mai daɗi, ka ji ana turereniya a gaban ƙaho ana raɗa "matsa, matsa". Don samun sautin, yanke duk abun da ke ƙasa da 250 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri da sirantakar sauti) da abun da ke sama da wajen 2,500, ka mai da shi layi ɗaya wato ba dama ba hagu, ka shimfiɗa ƙaras-ƙaras mai yawa a kai. Amma lura, waƙar da ke fitowa daga faifai ce za ka yi wa haka. Idan Jummai ta riga ta shiga ɗakin da kanta, sai ka buɗe sautin tas, don a lokacin kunnenta ne a wajen ba allura ba. Wannan sauyin, daga siririn sauti mai datti zuwa cikakke cikin daƙiƙa biyu, shi ne tafiyar zamanin kanta, kuma duk sanda na ji an yi shi da kyau tsikar jikina tashi take.

Shekarun 1950, birnin Memphis na Amurka, sutudiyon Sun na Sam Phillips inda Elvis Presley ya fara naɗi a 1954. Alamarsa wani ɗan gajeren eko ne da ke dawowa sau ɗaya nan take, da injin tef biyu yake yinsa. Saka eko mai jinkirin wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ko sama da haka kaɗan, ka rage ƙarfinsa, shikenan. A shekarar ce kuma ƙaramin rediyon aljihu na farko ya shiga kasuwa a Amurka.

Detroit ta fi ba ni sha'awa. Berry Gordy ya kafa kamfanin waƙoƙi na Motown a 1959 da rancen dala 800 daga danginsa, a wani gida ne na zama a titin West Grand Boulevard, gareji aka mayar sutudiyo, saman silin kuma aka mayar ɗakin eko. Mutumin ya yi aiki a masana'antar haɗa motoci, kuma haka ya tsara kamfanin, masu rubuta waƙa daban, makaɗa daban, masu koyar da rawa da tafiya daban, sannan a zauna taro a tace wace waƙa ce za ta fita. Makaɗan da suka buga kusan duk waƙoƙin nan shekara da shekaru ba a rubuta sunayensu a jikin faifai sai a 1971, ka ga ga mutanen da Jummai za ta zauna da su, ga kuma abun da zai taɓa ta tunda kakanta ma sunansa bai fito a ko'ina ba. Ka gaya wa mai kiɗanka: tafi da kacau-kacau a bugu na biyu da na huɗu, bes mai yawo, jagora ya bayar 'yan amshi su karɓa, abun da kunnen Bahaushe ya riga ya sani. Sun taɓa yin amfani da sarƙar taya da buga ƙafa a kan katako a matsayin kiɗa, kai ma za ka iya a tsakar gida.

Zamanin kaset kuwa kar ka nemi shuuu ɗinsa a intanet, je wajen masu gyaran rediyo ka ari rikoda ta gaske. Naɗi ƙarar buɗe murfi, saka kaset, danna maɓalli ƙwas, ƙarar mayarwa baya, da ƙarar biro ana juya kaset da shi don a tattala batir. In ka samu dama ma ka naɗi kiɗan naka a kan kaset ɗin sannan ka sake ɗauko shi, babu manhajar da za ta ba ka wannan lanƙwasar da muryar ke yi in batir ya fara sanyi. Shekarun 1980 na waje kuma na'urori ne suka karɓe fage, Walkman na Sony 1979, injin ganga na Roland TR-808 a 1980, tashar MTV 1981, piyanon Yamaha DX7 a 1983, duk masu sutudiyo suna da kwafin sautukansu a kwamfuta. Daga nan sai ka gangaro Kano ta ƙarshen shekarun 1990 inda piyanon Yamaha ya zama shi ne gaba ɗaya ƙungiyar kiɗan waƙoƙin fim, sai Auto-Tune da ya fito a 1997 ya zo ya mamaye muryoyi daga baya. Zamanin memori da bulutut da masu turi a bakin kasuwa ma yana da ƙararsa, fitar da kiɗan a MP3 mai ƙaramin inganci, wato 32 kbps, ka sake shigo da shi, za ka ji wani ruwa-ruwa a saman sautin, shi ne.

Ita na'urar tafiyar tana buƙatar ƙararta guda ɗaya da ba ta canzawa. A 1963 da BBC ke neman ƙarar jirgin keta zamani na shirin Doctor Who, wani ma'aikacinsu Brian Hodgson mukullin ƙofa ya goga a kan wayoyin wani tsohon piyano, ya rage gudu, ya juya shi baya, ya ƙara eko, kuma har yau ita ake ji. Kai ma ɗauki abun gida, murfin tukunya, tsarkiyar garaya, sarƙar keke, rage gudunsa rabi ka juya shi baya ka ji abun da zai fito.

Wajen rubutu, doka ɗaya ce mai wuya: abun da ba a ji ba bai faru ba, amma kuma kar mutane su rinƙa faɗin abun da suke gani kamar masu sharhin ƙwallo. Ga misali:

SAUTI: allura ta sauka, ƙaras-ƙaras, kiɗa siriri. Ƙarar na'ura. Kiɗan ya buɗe, hayaniyar titi, hon ɗin mota.
MAI SHAGO: Ke 'yammata, faifan nan sule goma ne, in ba saye za ki yi ba ajiye min.
JUMMAI: Yi haƙuri Baba. Ga wannan, a ba ni canji.
MAI SHAGO: (shiru, ƙarar takarda) Wannan kuɗin wace ƙasa ce?

Ka ga ba a ambaci shekara ba amma duk wanda ya san Naira ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1973 ya gane, wanda bai sani ba ma ya ji cewa ta yi nisa da gida. Irin waɗannan ƙananan abubuwan su za ka tara: fam da sule da sisi da taro da kwabo, motoci na bin hannun hagu har zuwa Afrilun 1972, jihohi 12 daga 1967, babban birni Legas har 1991, babu wayar salula ta GSM kafin 2001. Wata dabara kuma ita ce rediyo a bayan fage ana karanta labarai, Orson Welles ya yi mafi yawan wani wasansa da sigar labaran gaggawa a gidan rediyon CBS na Amurka a 1938, kai layi biyu kawai kake buƙata. Je wajen tsofaffi ka tambaye su yanda ake gaisuwa da yanda ake ciniki da abun da samari ke cewa a lokacinsu, ka naɗa in sun yarda, za ka samu kalmomin da babu su a littafi.

Kar ka wuce mutum uku a fitowa ɗaya, kuma ka zaɓi muryoyin da suka bambanta sosai, mai kauri da siririya, Bakano da Basakkwace, don in biyu suka yi kama mai sauraro zai rikice ya kashe. Su rinƙa kiran sunan juna a farkon kowace fitowa.

Naɗi kuma ba ya son ɗaki fanko mai tayil. Nemi ɗaki mai katifa da labule da kaya a rataye, kashe fanka da firij, sa wayar a yanayin jirgin sama, ka zaɓi lokacin da janareton maƙwabta yake kashe, da sassafe bayan asuba yakan fi. Tazarar baki da makirufo kamar taƙi ɗaya, a ɗan karkace don kar "f" da "b" su rinƙa bugawa, safa mai tsabta a kan makirufo tana taimakawa. Wanda aka ce yana nesa a labari ya ja baya da gaske, kar ka ce za ka gyara a editin. Kafin kowa ya tashi ku yi shiru na rabin minti ku naɗi shirun ɗakin, da shi za ka cike gurbi in ka yanka. Kuma saurari bayan fage da kyau, ƙarar babur ɗin acaba ko ringin ɗin waya a Kano ta 1965 zai rusa duk wahalar da ka sha.

Wajen haɗawa, murya ce sarauniya, kiɗa ya sauka ƙasa duk sanda ake magana. Motown suna gwada waƙoƙinsu a ƙaramar lasifika irin ta rediyon mota don sun san a nan za a ji su, kai kuma a lasifikar waya da iyafis mai arha za a ji naka, to a nan za ka gwada, ba a manyan sifikun sutudiyo ba. Kashi ɗaya ya tsaya tsakanin minti 12 zuwa 15, in ka fitar a 64 kbps zai kama wajen megabait 7, zai wuce a WhatsApp da Telegram ba tare da ya cinye wa mutane data ba, mai nauyin kuma ka ajiye don YouTube ko gidan rediyon da zai karɓa. Rubuta kashi shida ka gama naɗe aƙalla uku kafin ka saki na farko, kuma kowane kashi ya ƙare a daidai lokacin da faifai ya kai ƙarshe tana tsakiyar tambaya.

Kafin ka saki, samu mutum uku da ba su san labarin ba, ɗaya dattijo, ɗaya matashi, ɗaya wadda take aikin gida tana saurare da rabin hankali. Kunna musu a waya kar ka yi bayanin komai. In an gama tambaye su wajen wace shekara aka je, mutum nawa ne suka yi magana, kuma me Jummai take nema. Duk tambayar da biyu daga cikinsu suka kasa amsawa, koma kan wannan fitowar ka sake ta.